Ɗaurin haidurojin da ɗaurin halojin, wa ya fi riƙo?

Ɗaurin haidurojin dai kowa ya san aikinsa, shi ya sa ruwa ba ya tafasa sai digiri 100, shi ke riƙe igiyoyi biyu na DNA. Haidurojin ne maƙale da oksijin ko naitirojin, yana janyo ilektiron ɗin makwabci, kuma bai da tsaurin kai, ko kusurwa ta ɗan karkace zai riƙe abinsa.

Na halojin, wato dangin sinadarai irin su ayodin, buromin, kulorin da fulorin, kam akwai iyayi. A saman ayodin ko buromin akwai ɗan wuri mai cajin fozitif, ramin sigma, ta nan kaɗai yake kama abokinsa, sai sun miƙe sambal kusan digiri 180. Ayodin ya fi buromin riƙo, buromin ya fi kulorin, fulorin kuwa da kyar ma yake shiga. Sai 2013 IUPAC, ƙungiyar masana kimiyyar sinadarai ta duniya, ta ba ɗaurin halojin ma'ana a hukumance, na haidurojin tun 2011.

Abin da ya fi burge ni, gefen halojin ɗin cajinsa negatif ne, to in haidurojin ya kama shi ta nan sai ya ja ilektiron, ramin sigma ya ƙara ƙarfi, ɗaurin ya ƙara tamke. Amma in oksijin ɗaya suke nema, galibi haidurojin ne ke riga halojin.