Cire rufin Jeep da adana shi: igiya, winci ko amalanke?

Rufin mota mai tauri irin na Jeep Wrangler ko Ford Bronco ba nauyinsa ne kaɗai ke ba mutane wahala ba, har da girmansa da rashin wurin kamawa. Gutsattsarin gaba da ke saman direba da na gefensa, mutum ɗaya zai ɗage su ya ajiye. Babban ɓangaren baya mai gilasai uku shi ne aikin. A mota mai ƙofa huɗu yakan kai tsakanin kilo 50 da 70, kuma nauyin ya fi karkata baya saboda gilashi da injin waifa. Don haka kafin ka biya kuɗin kowace na'ura, ɗaga kai ka dubi silin garejinka, domin shi zai yanke maka hukunci.

Hanya mafi sauƙi ita ce hannu. Mutum biyu masu ƙarfi za su iya, huɗu sun fi. Wanda sau ɗaya ko biyu yake cire rufi a shekara ba ya bukatar na'urar ɗagawa, amalanken ajiya kawai zai saya, mai taya huɗu da soso a inda rufin zai zauna. Illar hannu ita ce idan ɗaya ya riga ɗaya ɗagawa, gefen rufin ya goge fentin mota, ko kusurwar rufin, wanda na faiba ne, ta daki ƙasa ta tsage.

Sai na'urorin da ake kafawa a sili, kuma iri uku ne.

Na farko igiya da fuli, wato ƴan gargaren da igiya ke bi ta cikinsu. Idan tsarin mai ninki huɗu ne, rufi mai kilo 60 zai zo maka a hannu kamar kilo 15 da ɗan ƙari na gugar igiya, amma sai ka ja mita huɗu kafin rufin ya tashi mita ɗaya. Shi ya fi araha, ba ya son wuta. Abin dubawa shi ne makullin da ke cije igiya da kansa in ta kuɓuce maka. In babu shi, ajiye ka wuce. Saukewa ta fi ɗagawa wuya da wannan tsari, don hannu biyu na kan igiya, babu wanda zai saita rufin a kan mota.

Na biyu winci na hannu, wato na'urar da ke naɗe igiya ko waya idan an juya mariƙinta. A nan akwai bambancin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Winci mai haƙori, irin wanda ake jan kwalekwale da shi, yana riƙe kaya lokacin ɗagawa, amma da ka saki haƙorin don saukewa duk nauyin ya dawo kan mariƙin. In ya suɓuce, zai yi ta juyawa da ƙarfin da zai iya karya yatsa, rufin kuma ya faɗo. Wanda ake so shi ne mai birki, ko mai giya irin ta sukur wadda ba ta komawa baya da kanta: inda ka tsaya nan kaya zai tsaya. Yana da jinkiri ƙwarai, amma yawancinsu ana iya juya su da injin huda mai batir. Ga mai aiki shi kaɗai, wannan muka fi yarda da shi, saboda za ka iya sauke rufin santimita ɗaya, ka zagaya ka duba, ka dawo ka ƙara.

Na uku winci na lantarki. Danna maɓalli kawai, kuma wayar maɓallin na barinka ka tsaya kusa da rufin kana saita shi da ɗaya hannun. Matsalarsa gudu da fizga: da yawa an ƙera su ne don buhunan siminti, suna tashi da tsayawa farat ɗaya. A ninka wayar da ke ɗaga kayan ta ƙugiya mai fuli, gudun ya ragu rabi. A kuma gwada makashin da ke tsayar da shi idan kaya ya kai sama, don in bai aiki ba injin zai matse rufin da sili.

Duk ukun ba su fi ƙarfin abin da aka ɗaura su a kai ba. Kwalin sili ko filasta ba ya ɗaukar komai. A silin katako, sai an nemo azarar da ke ciki, wadda a gidajen Amurka takan zo da tazarar inci 16 ko 24, kusan santimita 40 ko 60. A gicciya katako mai kauri a kan azara uku ko huɗu don nauyin ya rabu, a fara huda ƙaramin rami, sannan a ɗaura dogon sukur a tsakiyar azara. Sukur da ya kama gefen azara zai riƙe yau da gobe, wata rana ya tsage katakon ya fito. A silin kankare a yi amfani da notin da ke buɗewa a cikin rami, na ƙarfe, ba na roba ba. Ƙarfin da aka rubuta a jikin na'ura ya zama aƙalla ninkin nauyin rufin biyu.

Tsawo ma lissafi ne. Wrangler da ba a ɗaga ba tana kusa da mita 1.9. Ƙara zurfin rufin da ratar da igiya da firam ɗin da ke riƙe rufin ke ci, za ka ga kana neman kusan mita 3 kafin motar ta kwana a ƙarƙashinsa. Idan silin bai kai ba, akwai dabara: ka shiga da baya ka ɗage rufin, ka fito, daga baya ka riƙa shiga da gaba, rufin ya rataya a saman bonet. Ka buɗe ƙofar gareji gaba ɗaya ka auna inda take kaiwa kafin ka huda ko'ina.

Mai gidan haya, ko mai sili gajere ko marar ƙarfi, nasa shi ne na'urar da ke tsaye da ƙafafunta: firam mai taya da ake turowa bayan mota, ya ɗage rufin, a ja shi da shi. Ta fi tsada, tana cin fili kusan rabin na ƙaramar mota, kuma ƙananan tayoyinta na son daɓe mai santsi. A kan tsakuwa ko gangara, kaya mai nauyi a sama na iya kifar da ita. In an ƙara wa motar tsawo da manyan tayoyi, a tambayi iyakar inda na'urar ke kaiwa.

Abin da ke taɓa rufin shi ma a dube shi. Firam mai siffar T da ƙugiyoyi masu rigar roba ya fi majanyu zalla, domin majanyi na matse robar bakin taga har ta lotsa, ruwa ya fara yoyo. Wurin ratayewa ya ɗan koma baya da tsakiya, in ba haka ba rufin zai tashi a karkace.

Yawancin ɓarna a wajen kwancewa take faruwa. A Wrangler ana fara cire gutsuren gaba na hagu kafin na dama, wajen mayarwa kuma na dama ne farko. Mai ƙofa huɗu tana da noti takwas: shida a gefen jiki, biyu a sama kusa da ginshiƙin ƙofa, kuma waɗannan biyun ne ake mantawa. Samfurin Wrangler da ake kira JK, na 2007 zuwa 2018, makullin noti mai bakin tauraro, wato Torx, mai lamba T40 yake ci, JL da ya biyo baya T50. A kusurwar baya ta hagu a zare soket ɗin wayar waifa da tiyon ruwan wanke gilashi. Wanda ya manta ya ɗaga, zai tsinka su. Gilashin baya ya kasance a buɗe lokacin fitar da mota don kada safaya ta doke shi. A fara ɗagawa santimita biyar, a tsaya a zagaya.

Idan rufin zai daɗe a rataye, kada a bar shi kan winci kaɗai. A sa majanyu biyu na tsaro a ƙugiyoyi daban da na na'urar. Idan a amalanke zai zauna, a ɗaure gilashin baya kada ya riƙa lilo, kuma kada gefunan su ɗauki nauyi a buɗe ba tare da abin tallafi ba, don suna iya bauɗewa har ramukan noti su ƙi haɗuwa ranar mayarwa. Gutsattsarin gaba su shiga jakarsu mai soso, a jingine su yadda robarsu ba za ta danne ba. A goge robobin duka, a shafa musu man silikon, notunan kuma a jera su a ramukan da aka tanadar musu ƙarƙashin daɓen but.