Faci na ƙoƙon kai da ake aunawa da sikana: me ya fi dacewa da Yamai?

Wanda aka cire wa ɓangaren ƙoƙon kai bayan hatsarin kabu-kabu, ko don kumburin ƙwaƙwalwa, idan za a rufe ramin da faci da aka auna da sikana, hanyoyi biyu ke gabansa: a yi odar faci na ƙarfen titaniyom ko PEEK, wata roba mai ƙarfi, daga waje, ko a buga mazubi da injin 3D a zuba simintin ƙashi, PMMA. Dukansu daga hoton sikana suke farawa, kuma a nan aikin ya fi lalacewa.

Sikana tana ɗaukar hoton kai yanka-yanka. A nemi yanka mai kaurin milimita 1 ko ƙasa da haka, ba tare da karkata injin ba, a ɗauki kai gaba ɗaya. Yankan milimita 5 da ake yi wa mai ciwon kai ba ya wadatarwa, gefen faci sai ya fito hawa-hawa, ya ƙi zama. A karɓi fayilolin DICOM, wato ainihin hotunan sikana na kwamfuta, a faifai. Fim ɗin da ake ɗagawa a haske ba shi da amfani a nan, balle hotonsa a WhatsApp. Tsohon hoto ma matsala ne, don bakin ƙashi yana canzawa cikin watanni.

Kwamfuta tana kwafo ɓangaren da ke lafiya ta juya shi kan ramin. Idan ramin ya tsallaka tsakiyar goshi babu abin kwafa, sai gwanintar mai zane, kuma dole likitan tiyata ya duba zanen kafin a buga.

PEEK ba ya ɓata hoton da za a ɗauka daga baya, titaniyom yana ɗan ɓatawa. Amma tsada da jiran kaya sun fi ƙarfin yawancin iyalai. A ganinmu siminti cikin mazubi ya fi dacewa. Yana zafi sosai lokacin daskarewa, shi ya sa daskarar da shi a mazubi, nesa da ƙwaƙwalwa, ya fi tsohon salon murza shi da hannu kan ramin. Aibinsa, yana iya tsagewa idan faci ya yi faɗi ko siriri.

Abin da ke sa a cire faci galibi ƙwayoyin cuta ne. Kogon da ke cikin ƙashin goshi, wanda ke haɗe da hanci, idan aka bar shi a buɗe yana kai su ciki, fata mai rauni kuma takan huje, faci ya bayyana. Idan wurin ya taɓa yin mugunya, a jira watanni shida ko fiye kafin a saka.