Wane injin sit ya dace da motar dizal?

Motar dizal ba ta yafe wa injin sit mai rauni. Injinta yana matse iska kusan ninki biyu na abin da injin fetur ke matsewa, sau 16 zuwa sama da 20, kuma ƙarfinsa yana fitowa tun yana ƙasa-ƙasa, yana silo a wajen juyi 750 zuwa 850 a minti. Duk wannan bugun a kan robobin da inji ke zaune a kansu, wato injin sit, yake sauka kafin ya isa bodi. Idan suka gaji, sitiyari zai riƙa kaɗawa a hannunka a tsaye, madubi ya riƙa rawa, ka ji "gif" duk lokacin da ka kashe mota ko ka saki kulochi.

Kafin ka cire ko sisi, tabbatar su ne. Ja hambirki, taka burki, sa giya, wani ya tsaya a gefen mota, ba a gabanta ba, ya kalli inji da bonet a buɗe. In injin ya ɗago gefe guda kamar zai tashi, roba ta yanke. Bakanike kuma zai iya sa jak da katako a ƙarƙashin inji ya ɗan ɗauke nauyin; in rawar ta lafa, an kama mai laifi. In ba ta lafa ba, a duba nozil, masu fesa dizal a cikin inji.

Ni dai zaɓina shi ne mai ruwa, sabo, na kamfanin da ke yi wa masu ƙera motar tun asali, irin su Lemförder da Corteco. A cikinsa akwai ɗakuna biyu cike da ruwa da siririyar hanya tsakaninsu. Ƙaramar rawar silo robar ce ke shanye ta, amma in ka faɗa rami inji ya yi tsalle, sai ruwan ya matsu ta wannan hanya ya riƙe shi. Laushi a tsaye, ƙarfi a kan hanya, abin da roba zalla ba za ta iya haɗa maka ba ke nan. Marsandi W124 da W210 masu dizal da shi suka fito, haka Passat B5 mai injin 1.9 TDI. Wasu motocin sun ma wuce nan: BMW 530d da 330d na farkon shekarun 2000 nasu yana da tiyon iska da ke sassauta shi a silo ya ƙarfafa shi in an taka. Mai irin wannan mota ya duba tiyon tukuna, don tsagewarsa kaɗai tana kawo rawa alhali injin sit ɗin lafiyarsa lau. Tsadar mai ruwa gaskiya ce, kuma ran da ya fashe ruwan ya tsiyaye, shi ke nan, ba a gyara shi. Duk da haka, motar da aka ƙera da mai ruwa, mai ruwa za a mayar mata.

Na roba zalla ba laifi a motar aiki da ta zo da shi tun daga kamfani, yana jure wahala. Na foliyuritan, wata roba mai tauri, kuwa na masu tsere ne, ka sa shi a dizal ka ji haƙoranka na haɗuwa. Wanda ake zuba wa robar taya a bayan gareji, kuɗin aikin ɗaurawa ma asara ne.

Beljiyam fa? Roba tana tsufa ko ana amfani da ita ko tana ajiye, kuma ba ka san shekarun da ta yi a ƙarƙashin wani injin ba. In dole ta sa, auna tsayinsa da na sabo.

Tsayin nan shi ne abin da na fi dubawa yanzu, fiye da sunan da ke jikin kwali. An taɓa sayar mini da guda biyu a kwali mai kyau, da hatimi da komai, ba su daɗe ba suka zauna. Inji ya sauka, fanka ta fara gogar murfin lagireto, mahaɗar salansa ta tsage, kuɗin gyaran ya ninka na injin sit ɗin. Da aka yanka ɗaya, ko ɗigon ruwa babu a ciki, roba ce cushe aka yi mata siffar mai ruwa. Irin wannan jabun ya cika kasuwa. Akwai kuma tsohon da ake wankewa, a shafa masa baƙin fenti ya yi sheƙi, a sa a sabon kwali. Kankare shi da farce, fenti zai biyo ka. Duba gindin noti, in akwai sawun sifana an taɓa ɗaura shi. Lanƙwasa robar ka ga ko ƙananan tsagu za su buɗe. Lambar kaya da tambarin kamfani a jikin na gaske a zube suke tare da ƙarfen ko robar, ba takarda aka manna ba, kuma gefensa a share yake, babu ragowar roba tana reto. Ka je da tsohon naka shago ku jera su. Mai kayan da ya ƙi yarda a buɗe kwali, ko ya ƙi rubuta maka rasit da sunan kamfanin a jiki, ko ya faɗi farashin da bai kai rabin na sauran shaguna ba yana rantsuwa orijinal ne, bar masa kayansa.

Kayan kirki ma ɗauri yana kashe shi. A canza hagu da dama tare, a duba na giya, don sabo ɗaya kusa da tsoho yana karkatar da inji, farfela ko shaf su riƙa aiki a gicciye. Ɗan ƙarfen da ke ƙasan injin sit ya faɗa raminsa daidai. Kada a ɗaure notuna tamau inji yana rataye a jak: a kama su sama-sama, a sauke nauyin, a tada mota ta ɗan yi silo inji ya sami mazauninsa, sannan a ƙarasa ɗaurewa. In kuma baƙin mai ko dizal na ɗiga a wurin, a toshe yoyon kafin a ɗaura sabo, domin mai yana kumbura roba ya narkar da ita.