Wuni guda a Ronda tare da Kawu: sharhi kan yawon da muka biya

Kawuna ya kawo mini ziyara Malaga, inda nake karatu a kudancin Sifaniya, kuma tun kafin ya iso ya riga ya faɗa mini garin da yake son gani: Ronda. Shi a bakinsa Runda ce, mahaifar Ibn Abbad, malamin da ya yi sharhin Hikam, littafin hikimomin sufanci na Ibn Aɗa'illah, wanda Kawu ya karanta a zaure a Kano yana saurayi. Sai na yanka mana tikitin wuni guda a wani kamfanin yawon buɗe ido, wanda ya haɗa da bas zuwa da dawowa, da mai yi mana jagora, da kuɗin shiga filin wasan bijimai, inda mutum ke karawa da bijimi a gaban 'yan kallo.

Bas ɗin ba ta da laifi. Ta tashi a kan lokaci, akwai sanyi, direban kuma ba mai garaje ba ne. Tafiyar kusan awa biyu ce, ƙarshenta hawa da kwana-kwana a cikin duwatsu, don haka mai saurin jiri ya nemi kujerar gaba.

Gada aka fara kai mu. Garin a kan tsauni yake, kogin Guadalevín ya tsaga shi biyu, ya bar wani kwazazzabo da suke kira El Tajo. Gadar da ta haɗa ɓangarorin, Puente Nuevo, wato Sabuwar Gada, an gama ta a 1793, tsayinta mita 98. Kawu ya leƙa ta tsakanin ƙarafa, ya ja da baya yana salati. Tsuntsaye na shawagi ƙasa da ƙafafunmu, gidaje farare kuma sun jeru daf da bakin ramin. A nan matar da ke jagorantarmu ta nuna ta san aikinta. Ta ba mu labarin gadar farko da ta rufta a 1741 ta kashe mutum kusan 50, ta kuma nuna mana ɗakin da ke saman babban bakan gadar, wanda aka taɓa mayarwa kurkuku.

Daga nan ne raina ya fara ɓaci. Kusan awa guda muka yi a filin bijimai na 1785. Ginin dutse ne mai kyau, ban musa ba, kuma Pedro Romero, ɗan garin da aka haifa a 1754, wanda ake cewa ya kashe bijimai sama da dubu biyar, mutanen Ronda na alfahari da shi. Aka ɗora da labarin Hemingway da Orson Welles, Amurkawan da suka ƙaunaci garin. Amma da muka tsallaka tsohon gari, inda Musulmi suka yi mulki sama da shekara 700 har zuwa 1485, cikin minti ashirin aka wuce da mu, ana nuna ganuwa daga nesa. Kawu ya taɓa ni ya ce, "Ɗana, tambaye ta Ibn Abbad." Na tambaya. Ba ta taɓa jin sunan ba. Abbas ibn Firnas kawai ta sani, shi ma haifaffen Ronda ne, wanda ya ɗaura fukafukai ya gwada tashi sama a Kurɗuba a ƙarni na tara. Ba ta yi mana ƙarya ba dai, ta ce ba ta sani ba, har ta sa na rubuta mata sunan. Laifin na kamfanin da ya tsara yawon ne.

Daga baya aka sake mu awa uku mu zaga da kanmu, su suka fanshi ranar. Mun shiga cocin Santa María la Mayor, wanda aka gina a kan babban masallacin garin. Ban yi zaton za mu tarar da komai ba, sai ga bakan mihirabin masallacin nan da sauransa, da zanen ganye da aka sassaƙa a jikin farar ƙasa. Kawu ya daɗe a tsaye bai ce uffan ba. Can ya ce a 1333 aka haifi Ibn Abbad a garin nan, ba mamaki nan ya fara bin sahu yana yaro. Ban gaggauta shi ba. Gaba kaɗan muka ga hasumiyar San Sebastián a kusurwar wani lungu, masallacinta ya tafi, ita ta rage.

Sai gidan wankan Larabawa a can gangare, kusa da rafi, ginin ƙarni na 13 zuwa 14. Ɗakuna uku ne, na sanyi, na ɗumi da na zafi. An huda rufin da siffar taurari, hasken rana na saukowa ta ciki ya zauna a kan daɓe. A waje ana ganin inda jaki ke juya na'urar ɗebo ruwa, ruwan ya bi magudana ya shiga tukunya. Ban ga dalilin da zai sa a cire wannan wuri daga tsarin yawon ba, kuɗin shigarsa ma ba yawa.

Hawowa daga can ya ba Kawu wuya, domin hanyar daɓen duwatsu ce mai tsayi. Na ce, "Kawu, ko mu huta?" Sau uku muka zauna. Saboda gwiwarsa muka haƙura da tsohuwar hanyar ɗebo ruwa ta gidan da ake kira Casa del Rey Moro, mai matakala sama da 200 da aka sara cikin dutse har bakin kogi. Ƙofar Almocábar kuwa, wadda sunanta daga maƙabir ya fito saboda maƙabartar da ke gefenta, lokaci bai bar mu mun kai ba. Abinci ma sai an yi hattara, naman alade na shiga girki da yawa, mu kifi da salak muka ci. Wurin salla kuma babu wanda ya yi mana tanadinsa, sai da muka koma Malaga muka haɗa.

Wanda gada da hoto suka kawo shi, tikitin nan ya ishe shi. Wanda Andalus ta kawo shi, ya hau bas ta haya da kansa, ya kwana ɗaya a garin, ya sa takalmi mai riƙe ƙasa, ya fara da gangare da safe kafin rana ta yi zafi. A hanyar dawowa Kawu ya ce in bincika masa kuɗin jirgi zuwa Fas, inda Ibn Abbad ya yi limanci a masallacin Ƙarawiyyin har ya rasu a 1390.