Katin mota na Lisbon, yuro 40 a wata, gaskiya ya biya

Wata na takwas kenan ina amfani da katin Navegante a Lisbon, babban birnin Portugal, wallahi ban taɓa ganin abin da ya sauƙaƙa wa talaka zirga-zirga kamarsa ba. Yuro 40 kacal a wata, ka hau bas, jirgin ƙasa, metro (jirgin ƙarƙashin ƙasa), har jirgin ruwan da ke tsallaka kogin Tejo, duk ƙananan hukumomi 18 na yankin, in gari ɗaya kake yawo kuma 30 ne. Ranar ɗaya ga wata na tsaya a ATM na loda, shikenan.

Wata dattijuwa mai aikin shara da muke haɗuwa a jirgin asuba ta ce min da can sama da yuro 100 take kashewa, yanzu ragowar na cefane ne. Ku tuna ƙasar nan fa bashi ya taɓa shaƙe ta, a 2011 sai da ta karɓi rancen yuro biliyan 78 aka zabtare albashi da fansho, sai a 2015 António Costa ya kafa gwamnati da goyon bayan 'yan gurguzu suka fara maido wa mutane abinsu, mafi ƙarancin albashi ya tashi daga yuro 505 a wata zuwa 600 a 2019, katin nan kuma ya fito Afrilun 2019.

Matsalar dai cunkoso, ƙarfe bakwai na safe a tsaye za ka tafi, ya kamata a ƙaro jirage. Amma duk mai zuwa karatu ko aiki, ya tanadi fasfo ɗin hoto ya yi katin tun satin farko.