Ramukan shinge: dagi, injin hannu ko tarakta?

Mai shirin kewaye gona da waya mai ƙaya yakan fara da tambayar kuɗin waya da turaku, ya bar maganar rami sai ranar aiki. A ramin kuwa kuɗi ya fi zurarewa. Gona mai hekta 1, idan murabba'i ce, kewayenta mita 400 ne. In za a kafa turke a kowace mita 3, ramuka wajen 134 ke nan. In an matse zuwa mita biyu da rabi, 160. Turakun tsakiya suna son zurfin santimita 60, na kusurwa da na bakin ƙofa kuma 90, domin su ne ke ɗaukar jan waya.

Abin da ya kamata ya yanke maka hukunci shi ne irin ƙasar, watan da za a yi aikin, da yawan ramukan. Saurin inji yana bayan waɗannan.

Haƙan hannu

Kayansa dagi ne, da diga, da shebur, sai gwangwani ko tsohon kwano na kwashe ƙasa idan rami ya yi zurfi. A ƙasa mai danshi, ƙaƙƙarfan lebura yana gama rami ɗaya cikin minti 20 zuwa 30. A fako ko marmara, cikin watan Maris ko Afrilu, rami ɗaya na iya cin awa guda har da ɗoriya. Dabarar ita ce a sare santimita 15 na sama da yamma, a cika da ruwa, a bari ya kwana. Da safe dagi zai shige. Wanda ya samu zarafi kuwa ya yi haƙansa a ƙarshen damina, wajen Oktoba, tun ƙasa ba ta ɗaure ba.

Aibin haƙan hannu faɗin rami ne, kuma nan ne mutane ba sa lissafi. Mai haƙa da diga da shebur dole ya buɗe baki don shebur ya shiga, sai ka ga rami kamar kwarya, sama faɗi, ƙasa tsukuku. Ramin da faɗinsa santimita 20 ne, zurfinsa 60, yana cin kankare kusan lita 19, in ba a cire wurin da turke zai tare ba. Idan faɗin ya kai 30, sai ya ci lita 42, fiye da ninki biyu. A ramuka 134, da kwaɓin siminti 1, yashi 3, tsakuwa 6, simintin zai tashi daga buhu 11 zuwa buhu 25, kusan-kusan. Saboda haka in da hannu za a yi, a dage kan dagi, a hana diga sai inda dutse ya tare. A kuma yi jinga a kan kowane rami, ba a kan yini ba, a yanka sanda daidai zurfin da ake so, duk ramin da bai haɗiye ta ba a sake shi. Rami mai siffar kwarya ba ya riƙe turke. Da an ja waya sai ya kwanta.

Inda hannu ya fi kowane inji shi ne ƙasa mai duwatsu, gindin itatuwa, gangare, bakin kwari, da cikin gari inda bututun ruwa ko wayar lantarki ke binne. Mai dagi yana jin abin da ya taɓa tun bai fasa ba.

Injin tarakta

Wannan ƙarfe ne mai murɗe-murɗe da ake ratayawa a hannuwa uku na bayan tarakta, sandar PTO, wato sandar da ke kawo juyin injin tarakta zuwa baya, ta juya shi. Faɗin bakinsa yawanci inci 6, 9 ko 12 ne, yana kuma nitsewa wajen mita guda. Tarakta irin Massey Ferguson 375 ta fi ƙarfin aikin nesa ba kusa ba. A ƙasa mai laushi rami ɗaya bai wuce minti biyu ba, ramukan kuma duk girma ɗaya, miƙaƙƙu, don haka ana iya ƙiyasta siminti tun kafin a fara. Inci 9 ya wadatar wa turken kankare na tsakiya, 12 na kusurwa ne.

Sai dai akwai abubuwa biyu da dillali ba zai faɗa maka ba. Na farko, hannuwan bayan yawancin taraktoci ɗagawa kawai suke yi, ba sa dannawa. Nauyin ƙarfen ne kaɗai ke tura shi, shi ya sa a busasshiyar marmara sai ya yi ta juyi a sama yana goge haƙoransa. A nan ne wasu ke hawa kan ƙarfen ko su rataya a jikinsa don ƙara nauyi, abin da ya sha raba mutane da hannu, har da rai. Na biyu, PTO ba ta juyawa baya. Idan bakin ya kama saiwa ko laka mai danƙo, sai ya murɗe kansa cikin ƙasa, tarakta ta kasa ciro shi. Mafita ita ce a kashe inji, a cire sandar, a sa babban sifana da dogon bututu a warware shi da hannu. Ana kauce wa haka ta hanyar rage wuta, a nitsa santimita 20 zuwa 30, a ɗaga ya zubar da ƙasa, a sake komawa.

Akwai wani ƙaramin noti a mahaɗar giyar da ke juya ƙarfen, wanda aka yi shi don ya karye idan bakin ya ci karo da dutse. Ka sayi guda biyar ko shida ka ajiye. Kada ka yarda bakanike ya musanya shi da mai tauri wai don ya daina karyewa, domin in bai karye ba, giyar ce za ta fashe. Murfin sandar PTO ya kasance a jikinta, kowa ya ja baya, kuma babu mai matsowa da babbar riga, rawani ko mayafi. Sandar tana iya juyi sau 540 a minti, wato sau 9 a daƙiƙa ɗaya.

Ka tambaya tun da wuri, don masu hayar tarakta galibi garma da haro suke da su, ba kowa ke da wannan ƙarfe ba, kuma da faɗuwar ruwa ba za ka same su ba. Kuɗin kawo tarakta da man da za ta sha a hanya ɗaya ne ko ramuka 30 ne ko 300.

Injin hannu mai fetur

Tsaka-tsaki ne, kuma da arha. Yawanci inji ne mai cin fetur gauraye da man inji, a bi ma'aunin da ke jikin takardarsa. A jigawa da ƙasar lambu yana aiki sosai. Idan ya kama saiwa kuwa, fizgar da zai yi tana iya gurɗa wuyan hannu, don haka mai hannu biyu na mutum biyu ya fi. A busasshen rairayi ramin yana ruftawa da an zare bakin, sai an jiƙa wurin tukuna.

A ganinmu, ƙasa da ramuka 50, ko ƙasa mai dutse, dagi ne. Daga 50 zuwa 150 a ƙasa mai laushi, injin fetur ko leburori uku. Sama da haka a shimfiɗaɗɗen fili, hayar tarakta ta biya kanta. Sayen ƙarfen kuma sai mai tarakta da zai riƙa haƙa wa wasu, ko mai dashen itatuwa da yawa. Kafin ka biya kowa, haƙa ramuka huɗu ko biyar na gwaji a sassa daban-daban na gonar. In uku sun ci karo da dutse, kada ka kira tarakta.

Ko da me aka haƙa, a ja igiya a sa alama tun farko, a zuba tsakuwa santimita 10 a gindi. Turken da ba za a sa masa kankare ba, a mayar da ƙasa kaɗan-kaɗan ana dandaƙawa kowace santimita 15. Na kusurwa a tokare su ta ɓangarorin da waya za ta ja, a kuma bar kankare ya yi mako guda ana yayyafa masa ruwa kafin a ɗaura waya.