Hitar ruwa a gidajen tsofaffi a Amurka: wacce za a sa a gurbin ta gas?

Masu kula da gidajen tsofaffi, in hitar gas ta gaji kada ku sake kawo irinta. Tana iya sakin iskar carbon monoxide mai kisa wadda ba ta da wari, kuma dattijon da ke barci ba zai farga ba. Mai dafa ruwa nan take ba tanki ma akwai ta gas akwai ta lantarki, ban ga ribarta ba. Hitar lantarki ta da kuwa arha a shago, tsada a takardar kuɗin wuta.

Ni dai zaɓina hita mai zuƙo zafi daga iska. Aikin firji take yi a juye: ta ja ɗumin ɗaki ta zuba a tanki, shi ya sa Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ke cewa ta fi ta da tattalin wuta sau 2 zuwa 3. Rheem, A. O. Smith da Bradford White duk suna ƙera ta. Tana son ɗaki mai fili wanda sanyinsa ba ya sauka ƙasa da digiri 4 na ma'aunin Celsius, da bututun fitar da raɓar da take tarawa. Tana ɗan ƙugi, a nisanta ta da ɗakin kwana. A hankali take dafawa, don haka inda da akwai galan 50 a sa 65 ko 80.

A riƙe ruwan tanki a digiri 60 na Celsius saboda Legionella, ƙwayar cutar huhu da ke yaɗuwa a ruwa mai ɗumi-ɗumi, amma dole a sa bawul mai sirka shi kafin ya kai famfo. Fatar tsoho ba ta jure zafi.

Babban abin tsoro 'yan kwangila. A gidan da nake aiki, wani ya cusa ƙaramin tanki cikin kabad rufaffe. Da ruwa ya ƙi isa, sai ya juya na'urar ta daina zuƙo zafi daga iska, ta koma dafawa da sandar lantarkin da ke cikinta zalla kamar hitar da, ya karɓi kuɗinsa ya ɓace. Dattawa na wanka da ruwan sanyi, kuɗin wuta kuma ya hau. Ku duba allon na'urar da idonku, ku tabbata ba a juya ta kan sandar lantarki ba, kafin ɗan kwangila ya tafi. Ku gwada lambar da ke jikin tanki da ta rasit, ku nemi tambarin Energy Star (shaidar tattalin wuta), lasisin ɗan kwangilar da takardar izinin aiki. Wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa yana cewa gwamnati za ta biya komai, ku sallame shi, ku kira kamfanin wutarku da kanku ku ji rangwamen da ke akwai. Kada a biya cikon kuɗi sai sufeto ya duba aikin.